Barkono a Cikin Wake: Me Ya Sa Malaminki Ya Ce Gwajin Bai Cika Ba

Tambayar ta zo daga wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare a Agege. Mahaifinta yana sayar da hatsi a kasuwar Mile 12, kuma tun tasowarta take ganin ana jefa busasshen barkono a buhun wake don kada ƙwaro ya ci shi. Da aka ba su aikin bincike a darasin bayoloji sai ta ɗauki wannan. Ta zuba wake a kwalabe biyu, ɗaya ta sa barkono ta murɗe murfinta ta ajiye a ɗaki, ɗayar ba barkono, ta bar ta a buɗe a kicin. Bayan mako biyu mai barkono tana nan lafiya lau, ɗayar kuwa ga ƙwari suna yawo a ciki. Ta rubuta cewa ta tabbatar barkono yana hana ƙwaro. Malami ya dawo mata da takardar, ya ce gwajin bai cika ba. Shi ne take tambaya: "Ba ga shi na gani da idona ba? Me kuma ya rage?"

'Yata, da farko na yaba da abin da kika zaɓa. Yawancin ɗalibai sukan kwafi gwajin da ke cikin littafi, wanda kowa ya san sakamakonsa tun kafin a fara. Ke kuwa kin ɗauko tambayar da ke da alaƙa da abincin gidanku da jarin mahaifinki. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, kuma ƙwaron wake ne babban abokin gabar mai ajiya. Tsoron asara ne yake sa wasu zuba wa wake sinadarin daikulobos, wanda shi ne a cikin Sniper da yawancin fiya-fiya, har Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015 saboda ragowar wannan guba. Don haka idan barkono yana aiki, ya kamata a sani da hujja, idan ba ya yi, wannan ma ya kamata a sani. Amma malaminki yana da gaskiya, kuma zan nuna miki inda gizo yake saƙar.

Ki ajiye kwalaben nan biyu a gabanki ki ƙirga abubuwan da suka bambanta su. Barkono ɗaya ne. Murfi na biyu. Wurin ajiya na uku, don kicin ya fi ɗaki zafi, kuma a can ne sauran hatsin gida suke, wato a can ƙwari suke kai-komo. Abubuwa uku kika sauya a lokaci guda, sannan da sakamako ya fito sai kika ba wa barkono duka ladan. Murfin nan kuwa shi kaɗai ya isa ya yi aikin, ta hanya biyu ma. Yana hana ƙwaron waje shiga, kuma idan an cika kwalba an toshe ta sosai, ƙwarin da ke ciki suna shaƙe iskar oksijin ɗin da ta rage har ta yi ƙasa su mutu. Da wannan dabarar ce buhun PICS yake aiki, buhun nan mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu na Afirka. Ba a sa masa magani ko kaɗan, hana iska kawai. Ki tambayi mahaifinki, na san ya san shi. To idan murfi ne ya kare wakenki, barkono ya ci sunan banza ke nan, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Akwai kuma maganar lokaci, kuma a nan sanin rayuwar ƙwaron yake shigowa. Macen tana manna ƙwanta a bayan ƙwayar wake, ɗan ɗigo ne da za ki iya gani idan kin ƙura ido. Cikin 'yan kwanaki tsutsa takan ƙyanƙyashe ta huda ta shige cikin ƙwayar kai tsaye daga ƙarƙashin ƙwan, ba ta fitowa waje ko kaɗan. A ciki take ci, a ciki take girma, sai bayan kimanin mako uku zuwa biyar, gwargwadon zafin wuri, cikakken ƙwaro ya yanke ɗan murfi mai zagaye ya fito ya bar hujin nan da muka sani. Wannan yana nufin wake zai iya zama fes a ido alhali cikinsa cike da tsutsa, tun daga gona ko daga rumbu. Yana kuma nufin ƙwarin da kika gani a buɗaɗɗiyar kwalba bayan mako biyu ba a gabanki aka fara su ba. Ko dai daga waje suka shigo, ko kuma da ma suna cikin waken kafin ki saya. Kwalbar barkono ma, wa ya sani, da kin ƙara mata mako uku me za ki tarar?

Saboda wannan ɓoyayyar rayuwa ce za ki ji wasu a kasuwa suna cewa wake ne yake haifar ƙwaronsa da kansa. Ba su kaɗai ba ne, masana na da sun shafe ƙarnuka suna ganin nama ne yake zama tsutsa. Wani likita ɗan Italiya, Firancesko Redi, ya wallafa gwajinsa a kan haka a 1668. Ya sa nama a kwalabe, wasu a buɗe wasu a toshe. Tsutsa ta fito a na buɗe kawai, inda ƙuda ya sauka. Sai dai akwai ƙofar musu: mai gardama zai ce ai ka hana iska shiga ne, kuma iska ce take ba da rai. Sai ya rufe wasu kwalaben da ƙyalle mai shara-shara, iska na shiga, ƙuda ba ya iya shiga. Naman ya ruɓe amma bai yi tsutsa ba, ƙudaje kuwa suka taru a kan ƙyallen suna ajiye ƙwansu a can. Ni a wurina kwalbar ƙyallen nan ita ce darasin. Redi ya zauna ya yi tunanin abin da mai ƙaryata shi zai faɗa, ya shirya masa amsa a cikin gwajin. Bayan kusan shekara 200 Luwi Fasto na Faransa ya yi makamancin haka da ƙananan halittun da ido ba ya gani, ya tafasa romo a kwalabe masu dogon wuya a lanƙwashe, iska tana shiga, ƙura tana maƙalewa a lanƙwasar, romon bai lalace ba sai da aka karya wuyan.

A littafinku an jera muku matakan hanyar kimiyya: lura, tambaya, hasashe, gwaji, sakamako, kammalawa. Ki haddace su don jarrabawa, amma a aikace ba tsani ba ne da ake hawa sau ɗaya a sauka, kai-komo ake yi. Abin da kika riga kika yi ma ban ɗauke shi asara ba, lura ce mai kyau wadda ta haifar da tambaya. Matakin da na ga ɗalibai sun fi tsallakewa shi ne wanda ke tsakanin hasashe da gwaji. Hasashe shi ne bayanin da kike zato: yajin barkono yana hana macen ƙwaro yin ƙwai a kan wake. Daga nan sai ki fitar da abin da dole a gani idan zaton gaskiya ne: in an ba wa ƙwari masu yawa ɗaya wake iri ɗaya, waken da ke da barkono zai fi ƙarancin ƙwai. Sai ki rubuta kishiyarsa tun kafin ki taɓa kwalba: idan ƙwai ya zo kusan ɗaya a duka, zatona ya faɗi. Wanda ba zai iya faɗin abin da zai sa ya janye maganarsa ba, ba gwaji yake yi ba, shaida yake nema wa abin da ya riga ya yarda da shi. Gwajinki na farko, ko barkono yana aiki ko ba ya yi, sakamakon da za ki samu ɗaya ne. Wannan shi ne ainihin laifinsa.

Kin lura kuma da yadda na matse zaton? "Barkono yana hana ƙwaro" magana ce mai faɗi. Korar su yake yi, ko kashe manyan, ko hana ƙwai, ko hana tsutsa girma? Kowanne da abin da za a ƙirga. Ki zaɓi ɗaya ko biyu.

Abin da malaminki zai kira kwantirol, ni nakan ce wa ɗalibaina rukunin kwatance. Shi ne rukunin da aka yi wa komai daidai da ɗaya rukunin, ban da abu guda ɗin nan da ake gwadawa. Kin riga kin san shi daga faraktikal ɗin tsirowar iri da ake yi don WAEC: kwalbar auduga mai danshi a cikin ɗaki ita ce ma'auni, sannan ɗaya a hana ta ruwa, ɗaya a hana ta iska da tafasasshen ruwa da mai a sama, ɗaya a sa ta a firji. Kowace ta bambanta da ma'aunin ta fuska ɗaya tak. Tunanin kuwa tsoho ne. Abubakar Ar-Razi, likitan da ya yi aiki a Rayyi da Bagadaza ya rasu wajen 925, ya rubuta yadda ya fitar wa wasu marasa lafiya jini, da gangan ya bar wasu masu irin alamun bai yi musu ba, don ya samu abin kwatantawa. Likitanci ya bar wancan maganin tuni, amma dabarar barin wasu don a auna ta zauna. A 1747 kuma wani likitan jirgin ruwa na Birtaniya, Jems Lind, ya ɗauki matuƙan jirgi 12 masu ciwon da ke kumbura dasashi ya sa shi zubar jini, wanda yanzu aka san rashin bitamin C ne yake kawo shi. Ya ajiye su wuri ɗaya, abinci iri ɗaya, ya raba su biyu-biyu, kowane biyu da maganinsu, wasu ruwan teku, wasu ruwan tsami, wasu lemon zaƙi biyu da lemon tsami ɗaya kullum. Masu lemon ne suka farfaɗo cikin kwana shida. Da a ce masu lemon su ne kuma aka ba wa ɗaki mai iska da abinci na musamman, da ba a san abin da ya warkar da su ba.

Yanzu bari mu sake gina gwajinki, da kayan da za ki samu a Agege ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Ki karɓi mudu ɗaya na wake daga buhu guda, kada ki haɗa fari da ja, kada ki haɗa sabo da tsoho. Ki tsince masu huji da fasassu. Ki ƙulle sauran a leda ki sa a firiza mai daskarewa sosai na tsawon mako guda, sanyi zai kashe duk ƙwai da tsutsar da ke ɓoye. Na san halin wuta, in ta gidanku ba ta tsayawa ki roƙi mai sayar da ƙanƙara ko mai kifi a unguwa ya ajiye miki. In kin ɗauko, kada ki kwance ledar sai ta huce gaba ɗaya, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kan waken, kuma da danshin Legas cikin 'yan kwanaki zai yi fumfuna. Wannan mataki shi ne yake ba ki damar cewa duk ƙwan da aka gani daga baya a gabanki aka yi shi.

Ki nemi kwalaben Bama guda 15 masu girma ɗaya, ki wanke ki shanya su bushe ƙayau. Kowace ki ƙirga mata ƙwayar wake 100. Duka za a rufe su da ƙyalle mai shara-shara a ɗaure da robar ɗaure kuɗi, irin na Redi, don kada maganar iska ta sake shigowa. Biyar ba za a sa musu komai ba. Biyar a sa musu garin barkono, cokalin shayi ɗaya a shafe, ko gram 2 in makarantarku tana da ƙaramin sikeli, wanda ya fi. Sauran biyar ɗin kuma, a nan nake so ki yi tunani irin na mai gardama. Wani zai ce ai ba yaji ba ne, kowane gari aka zuba wa wake yana toshe tsakanin ƙwayoyi ya dami ƙwaro, shi ya sa kakanninmu suke ajiye iri a cikin toka ko rairayi. Gaskiya ne. To ki daka busasshen tattasai, wanda ɗan'uwan barkono ne amma yajinsa kaɗan, ki tankaɗe da rariyar da kika tankaɗe barkonon, ki sa daidai wannan awon. Idan barkono da tattasai suka yi aiki iri ɗaya, to gari ne yake aikin. Idan barkono ya yi wa tattasai nisa, yaji ya samu hujja.

Ƙwarin kuwa ke za ki zuba su, ba jira za ki yi su zo ba. Ki karɓi waken da ƙwaro ya riga ya ci a wurin mahaifinki, ba a rasa shi a kasuwa. Da yamma ki tankaɗe duk manyan ƙwarin ki zubar, ki rufe waken. Waɗanda za ki tarar washegari sababbin fitowa ne, shekarunsu ɗaya in ji masu magana, kuma wannan yana da muhimmanci, don babban ƙwaron bai fi mako ɗaya zuwa biyu a raye ba, tsohuwar mace kuwa ta riga ta zubar da yawancin ƙwanta. Kowace kwalba mata uku maza uku. Macen ta fi girma da duhu, ki ari madubin ƙara girma a ɗakin gwaje-gwaje, malaminki zai nuna miki bambancin. Idan kwalba ɗaya ta samu mata biyar wata ta samu ɗaya, ƙidayar ƙwai ta lalace tun ranar farko.

Za ki ce me ya sa sai biyar-biyar, ba ga wake ɗari a kwalba ɗaya ba? A nan ɗaliban jami'a ma suke tuntuɓe. Ƙwayoyi ɗarin nan duk ƙaddararsu ɗaya, ƙwari shida ɗin nan ne a kansu, zafi ɗaya, danshi ɗaya. In mace ɗaya ta mutu a daren farko, duka ɗarin abin ya shafa. Saboda haka kwalba ita ce shaida guda, ba ƙwayar wake ba. Halittu kuma ba kamar ƙusa ba ne da aka ƙera a inji ɗaya, ko ba a yi musu komai ba sai sun bambanta. Ga lissafin da za ki iya bi da kanki. A ce barkono ba ya yin komai. In kwalba ɗaya kika gwada da ɗaya, yiwuwar mai barkono ta zo da ƙarancin ƙwai bisa sa'a kawai rabi ne, kamar jefa kwabo. In uku da uku ne, yiwuwar duka masu barkono su zo ƙasa da duka marasa shi bisa sa'a, 1 ne cikin 20. In biyar da biyar ne, 1 cikin 252. Kwalabe takwas kika ƙara, amma dubi yadda ƙofar sa'a ta tsuke.

Wannan lissafi yana tsayawa ne da sharaɗi ɗaya: ba ke ce za ki zaɓi wace kwalba za ta samu me ba. Ki rubuta lamba 1 zuwa 15 a gindin kwalaben, ki rubuta su a 'yan takardu, ki nannaɗe ki zuba a hula, ƙaninki ya riƙa zarowa. Biyar na farko barkono, na biye tattasai, na ƙarshe ba komai. Wurin da kowace za ta zauna a kan kanta ma da ƙuri'a, haka ma jerin da za ki bi wajen zuba ƙwari, don ƙwarin da suka fi saurin kamuwa sau da yawa su ne marasa kuzari. Ronal Fisha, wanda ya fara aiki a tashar binciken noma ta Rotamsted a Ingila a 1919, shi ne ya kafa wannan ƙa'ida a gwajin gona, ya kuma tattara ta a littafinsa na tsara gwaji a 1935. Dalilinsa shi ne ƙasa ba ta zama ɗaya ko a gona guda, kuma akwai bambance-bambancen da mai bincike bai ma san da su ba. Wanda ka sani za ka iya daidaita shi, wanda ba ka sani ba ƙuri'a ce kawai take raba shi da adalci.

Na koyi wannan a jikina. A shekarata ta farko ta koyarwa, a wata makaranta nan Legas, mun shuka masara a gwangwanaye, rabi da kashin kaji rabi babu. Yara suka jera masu taki a bakin taga, don su aka fara ɗaukowa, sauran suka ƙare a lungun aji. Bayan mako biyu muka auna da rula, sai ga marasa taki sun fi tsawo. Har na fara yi wa aji bayanin cewa takin ya yi zafi ya ƙone saiwa, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, Malam, to me ya sa dogayen suka yi fari kuma suna kwanciya? Na je na duba. Sirara ne, ganyen rawaya-rawaya, sun miƙe ne suna neman haske, kamar yadda kowane tsiro yake yi a duhu. Na bakin tagar gajeru ne amma kore shar, karansu da kauri. Kuskure biyu na yi: na bar haske ya bi taki, kuma na auna tsawo alhali lafiyar tsiro nake nufi. Abin ya dame ni ƙwarai, don saura kaɗan yara arba'in su tafi gida da darasin ƙarya daga bakina. Muka sake daga farko da ƙuri'a.

Ƙidaya. A rana ta bakwai ki cire manyan ƙwarin, ki rubuta nawa suka mutu a kowace kwalba, sannan a ƙirga ƙwan da ke kan wake. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, haka ne, sai dai a nan mudun ake so, "da yawa" da "kaɗan" ba sa shiga rahoto. Kuma ba ke ya kamata ki ƙirga ba. Kina son barkono ya ci, mahaifinki ma yana so, kuma in aka zo kan ɗigon da ba a tabbatar ƙwai ne ko tabo ba, zuciya takan rinjayi ido ba tare da mutum ya yi niyyar ha'inci ba. Ki tankaɗe garin, ki juye waken kowace kwalba a faranti mai lamba kawai, ƙawarki wadda ba ta ga takardar ƙuri'a ba ta ƙirga. Wataƙila jan gari ya ɗan maƙale, amma tunda tattasai ma ja ne, ba za ta iya raba waɗannan biyun ba. Sai a mayar da komai yadda yake, a jira. A mako na shida a ƙirga huji da sababbin ƙwarin da suka fito. Komai a rubuta shi nan take da biro a littafi ɗaya, da kwanan wata, har da ranar da kwalba ta faɗi ko ƙyalle ya kwance.

In lambobi sun zo, ki fitar da matsakaicin kowane rukuni, amma kada ki tsaya nan, ki dubi yadda suka warwatsu. Misali kawai nake ba ki. A ce marasa komai sun ba da ƙwai 90, 110, 85, 120, 100, masu barkono kuma 30, 42, 25, 38, 35. Babu wanda ya shiga gonar wani, magana ta fito. Amma a ce masu barkono sun ba da 60, 115, 80, 105, 95, matsakaicinsu 91 ne, na marasa komai 101. Ƙasa ne, amma lambobin sun cakuɗe, bambancin da ke cikin rukuni ɗaya ya fi wanda ke tsakanin rukunan biyu, ba ki da hujjar cewa barkono ya yi wani abu. Kuma kada ki zubar da kwalbar da ta saɓa wa ra'ayinki. In akwai dalilin cire ta, kamar fumfuna, ki rubuta dalilin a fili.

Kalmar "na tabbatar" ita ce ta biyu da ta jawo miki jan biro. Ki rubuta "sakamakon ya goyi bayan hasashen" ko "bai goyi baya ba", sannan ki faɗi iyakarsa: wannan irin wake, wannan awon barkono, a kwalba, cikin mako shida. Kwalbar Bama ba buhu mai kilo 100 ba ce, garin barkono kuma ba barkono gudaji da 'yan kasuwa suke jefawa ba ne. Awo mai kyau ma yana iya kai mutum ga kammalawar da ta wuce gona da iri. Wani masani a ƙasar da ake kira Beljiyam yanzu, Fan Helmont, wanda aka buga aikinsa a 1648, ya dasa ɗan itace mai nauyin kimanin kilo 2 a tukunya mai busasshiyar ƙasa kimanin kilo 90, yana ba shi ruwa kawai. Bayan shekara biyar itacen ya kai kimanin kilo 77, ƙasar kuwa ba ta ragu da abin da ya kai gram 60 ba. Ya yi daidai da ya ce ba ƙasa itacen ya ci ba. Amma sai ya ce ashe duk daga ruwa ne, don bai kawo iska cikin lissafi ba, alhali kaso mai yawa na busasshen jikin itace daga iskar kabon yake zuwa, wadda ganye yake ɗauka.

Kada kuma ki ji tsoron sakamakon da ya ce a'a. A ƙasarmu aka yi ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen zazzaɓin cizon sauro na duniya, a gundumar Garki, wadda take Jihar Kano a lokacin, yanzu Jigawa. Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da shi daga 1969 zuwa 1976. Sun fara da auna yawan cutar da sauro kafin su taɓa komai. Sannan wasu ƙauyuka aka yi musu feshin bango kawai, wasu feshi da rabon magani ga jama'a, wasu kuma aka bar su don kwatance. Cutar ta ragu ƙwarai inda aka haɗa biyun, amma yaɗuwarta ba ta yanke ba, kuma da aka daina ta dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron a waje yake hutawa, ba ya sauka a bangon da aka fesa. Ba abin da aka yi fata ba ke nan, amma aka buga shi yadda yake a 1980, kuma har yau masu lissafin yaɗuwar maleriya suna amfani da bayanan Garki.

Game da mahaifinki, ki shigo da shi cikin aikin tun yanzu. Abin da ya sani na shekaru a kasuwa lura ce ta gaske, kuma zai gaya miki abubuwan da babu su a littafinku: wane irin wake ya fi saurin huji, wane wata ƙwaro ya fi tashi, barkono nawa ake sa wa buhu, a tsakiya ko a baki. Awon da zai faɗa miki ya fi cokalin da na ba ki, in kin iya mayar da shi daidai da ƙwaya ɗari ki yi amfani da nasa. Ranar ƙirga huji ki kira shi ya zauna ya gani.

Ki lissafa kwanakinki: mako ɗaya a firiza, mako shida a kan kanta, mako ɗaya na rubutu, wata biyu ke nan. Kafin ki sayi ko kwalba ɗaya, ki rubuta tsarin a shafi guda, da hasashen, da abin da zai ƙaryata shi, da abin da za ki sauya, da abin da za ki ƙirga, da abubuwan da za ki riƙe daidai, ki kai wa malaminki ya duba ya sa hannu da kwanan wata. In ya ga wata ɓaraka da ni ban gani ba, gyaranta a takarda ya fi sauƙi. Waken kuwa ki sa shi a firiza yau, don shi ne ba ya jiran sa hannun kowa. Allah ya yi miki albarka, ya ba da sa'a.